Rasuwar Malaminmu na Gansakukar Teku

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, ina tsaye a ɗakin gwaji sanye da safar hannu, babbar 'yarka ta kira ni. Ban ɗauka ba da farko, don akwai aiki a hannuna. Da wayar ta sake ƙara sai na ɗauka. Ta ce, "Gwaggo, Baba ya cika." Na cire safar, na nemi kujera na zauna. Dukanmu mallakar Allah ne, kuma wurinSa kowa zai koma. Ka tafi kana da shekara sittin da bakwai, bayan gajeriyar jinyar ciwon zuciya.

Ba jini ne ya haɗa mu ba, Malam. Aiki ne ya haɗa mu, kusan shekara talatin. Kai masanin haɗa sinadarai ne, ni kuma mai renon ƙwayoyin halitta a faranti. Kai ke ƙera abu a kwalba, ni ke gwada shi in ga ko yana kashe ƙwayoyin ciwon daji. Tun shekarar da na fara aiki ka soma ce mini "ƙanwata", har 'ya'yanka suka tashi suna ce mini Gwaggo, wasu daga cikinsu sai da suka yi wayo suka gane ba uwa ɗaya ta haife mu ba.

Ka yi mini izini in ɗan yi bayani ga waɗanda suka san ka a gida da unguwa amma ba su taɓa gane abin da kake yi ba. Ba laifinsu ba ne, don duk wanda ya tambaye ka sana'arka sai ka ce, "Tela ne ni." Har ɗalibai suka riƙe sunan, suna kiran ka Tela a bayan idonka, suna zaton ba ka sani ba. A kan duwatsun da ke ƙarƙashin ruwan teku akwai wani abu mai yauƙi, baƙi-baƙi da ja-ja, kamar jiƙaƙƙen gashi. Jama'a na ce masa gansakuka. Masana kuma na cewa tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ake kira sayanobakteriya. Abin ba ya iya gudu, ba shi da haƙori, ba shi da ƙaya, don haka sai Allah Ya ba shi guba, kifi ya lasa ya tofar. Gubar nan 'yar gajeriyar sarƙa ce ta ƙananan tubala da muke kira amino asid, irin waɗanda aka gina naman jikinmu da su, sai dai an lanƙwasa su ta hanyar da jikinmu bai saba ba. Aikinka shi ne ka ɗinka irin wannan sarƙa da hannunka, tubali bayan tubali, sannan ka riƙa canza mata fasali ko Allah Zai sa gubar ta koma magani.

Ba zan manta fitarmu ta farko cikin teku ba. Sai a ranar na san cewa mutumin da ya sadaukar da rayuwarsa ga abin da ke cikin teku bai iya iyo ba, kuma jirgin ruwa ba ya shiri da cikinsa. Ba mu yi nisa da gaɓa ba ka kwanta a ƙasan kwalekwale, rungume da bokiti, fuskarka ta yi fari fat. Amma daga kwancen kake ba da umarni. Duk wanda ya fito daga nutso da jaka sai ka ɗaga kai da ƙyar, ka leƙa, ka ce ba wannan ba, a koma a nemo mai duhun. Mai kwalekwalen ya yi dariya har ya gaji, ya ce, "Malam, kai da teku ba kwa ga maciji, me ya kawo ka?" Ka ce masa, "Ba ƙaunarta ce ta kawo ni ba. Surukata ce, 'yarta nake nema." Har muka koma gida ana maimaita maganar nan.

Mun dawo da bokitai cike, wari ya cika mota, ya cika farfajiya, ya cika ɗakinka na ƙarshen baranda mai tsagaggen gilashin taga. Maiɗakinka ta kafa dokar cewa rigar aikinka ba za ta ƙara ƙetare ƙofar gidanta ba, kuma har ka yi ritaya dokar ba ta faɗi ba. Watanni ka yi kana tacewa, kana sake tacewa, daga ƙarshe duk tarin nan ya koma ɗan farin gari wanda ba zai rufe kan farce ba. Ka kawo mini shi a 'yar kwalba, kana riƙe da ita da hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri. Na ɗiga kaɗan a kan ƙwayoyin ciwon daji. Da na duba a madubin ganin ƙananan halittu bayan kwanaki, duk sun ƙanƙance sun mutu, alhali abin da na zuba bai kai a ce an zuba wani abu ba. Na fita da gudu na kira ka. Ka daɗe sunkuye a kan madubin, sannan ka ɗago ka ce, "Ƙanwata, kada mu gaya wa kowa sai kin sake." Na sake, na kuma sakewa, abin bai canza ba. Ranar ka raɗa wa sinadarin suna Kaka, ka ce daga gare ta zuri'a za ta fito.

Shekarar da ta biyo baya muka koma wurin don mu ƙaro. Muka tarar an faɗaɗa tashar jiragen ruwa, an kwashe duwatsun kaf, ruwan ya zama kamar kunun laka. Mun bi gaɓa muna nema, mun sami mai kama da ita a wurare da yawa, amma babu gubar a cikinta. Abin da ya rage na Kaka a duniya, iya saninmu, shi ne ɗan ragowar da ke firijinka. Muka kama hanyar dawowa. Ni dai na riga na yanke ƙauna. Sai da muka kusa gari ka ce, "To, tunda teku ta rufe shago, sai mu buɗe namu."

Buɗe shagon nan ya ci shekaru. Na ga ɗalibai sun zo sun tafi, na ga furfura ta fara fito maka a gefen kunne, kana nan tsaye gaban teburinka, fanka na kuka a sama, kwalabe na juyawa a hankali. Wani tubalin sai ya ƙi kama ɗan'uwansa. Wani ya kama, amma ya wargaza na baya. Ban taɓa jin ka ɗaga murya don aiki ya lalace ba. Sai dai ka cire tabarau, ka goge shi da gefen riga, ka ce a ɗora ruwan shayi.

Ranar da ka gama ɗinka Kakarka ta farko, kowa a barandar nan ya yi murna. Ka kawo mini, na gwada, ƙwayoyin suka ci gaba da girma kamar ruwan sha na zuba musu. Na rasa yadda zan faɗa maka. Kai ne ma ka sauƙaƙa mini, da ka ga fuskata ka ce, "Ba ta yi ba ko?" Watanni ka yi kana bin aikinka daga farko, kana zargin hannunka, har ka gano cewa ba hannunka ba ne. Zanen fasalin Kaka da kake bi ne ke da kuskure. Tubali ɗaya an zana shi yana fuskantar dama alhali hagu yake fuskanta, kamar a sa takalmin wata ƙafa a ɗayar. Wanda kuma ya taimaka mana da zanen tun farko shi ne tsohon malaminka, dattijon da ya koya maka aikin, wanda a lokacin ya daɗe da yin ritaya, idonsa ma ya yi rauni.

Na san mutane da yawa da za su yi sauri su buga gyaran da sunansu, duniya ta san sun kama babba da kuskure. Kai kuwa mota ka shiga, ka yi tafiyar yini guda, ka je har gidansa. Ka ba ni labari cewa ka zauna a ƙasa a gabansa kamar zamanin ɗalibta, ka shimfiɗa masa sakamakon, ka bar shi ya duba, har shi da kansa ya ɗora yatsa a wurin ya ce, "Nan na kauce." Gyaran ya fito da sunansa a gaba, naka a baya. Da na yi maka ƙorafi ka ce, "Shi ya koya mini yadda ake gano kuskuren. Wa ya fi shi cancanta?" Da ka juya tubalin nan, Kakar da ka ɗinka ta kashe ƙwayoyin daidai da ta teku, babu bambanci.

Sai dai Kaka ba ta da imani. Tana kashe ƙwayoyin ciwo, tana kashe masu lafiya, kuma da ta shiga jini ba ta jimawa take wargajewa. Daga nan aka shiga zamanin jikoki. Ka cire wannan tubalin ka sa wani, ka gajarta nan, ka ƙara can, kowane canji sabon sinadari ne, kowanne kuma sai ka ba shi suna gwargwadon halinsa. Akwai Mafaɗaci, wanda ya fi kakarsa mugunta. Akwai Malalaci, wanda ba ya komai sai kwanciya a ƙasan kwalba. Akwai Ɗan Gata, wanda ba ya narkewa a ruwa sai an lallashe shi. Baƙo ya shigo ya ji muna cewa Malalaci ya sake ba mu kunya, sai ya zaci wani ɗalibi muke gulma.

A shekarun nan ne wata ɗalibarka ta sami juna biyu ana tsakiyar aikin digirinta. Ta ɓoye, don tana tsoron a ce ta dakata, ga shi sinadaran da take shaƙa ba su dace da mai ciki ba. Da ka lura, ba ka kira ta ofis ba. Ni ka tura in yi mata magana a matsayina na mace. Washegari ka sa aka ajiye mata kujera a baranda, daidai bakin ƙofa inda iska ke kaɗawa, ka sa rigar aiki, ka ce, "Daga yau ke ce shugaba, ni ne hannu. Faɗi abin da za a zuba." Watanni kana auna mata, kana tace mata, kana wanke mata kwalabe, ita tana daga waje tana ba da umarni, kunya kamar ta nutse. In ta yi kuskure ba ka gyara mata, sai ka tsaya da kwalba a hannu ka ce, "Shugaba, kin tabbata?" Ta haihu lafiya, ta kammala a kan lokaci. Ita ce ke riƙe da ɗakin gwajinka yau.

Sannan aka haifi jikan da ka kira Shiru-shiru. Ba ya wargajewa a jini, kuma da muka ba ɓerayen da ke ɗauke da ƙarin ciwon daji, ƙarin ya riƙa motsewa muna gani. Ban san ta inda labari ya fita ba, sai dai muka wayi gari wata jarida ta buga cewa ka gano maganin ciwon daji. Ka yi ta musantawa, ba wanda ya saurare ka. Ana cikin haka na buɗe ɓerayen da suka daɗe suna shan sa, na tarar hantarsu ta lalace, ta yi fari-fari kamar tsohon soso. Na kai maka. Ka duba, ka sake dubawa, ka ce, "Allah Ya yi miki albarka da kika gani tun yana ɓera." A ranar ka dakatar da aikin da ka ƙwallafa wa rai fiye da komai.

A daidai wannan lokacin ne likitoci suka ce yayanka na da ciwon daji, kuma ya riga ya yaɗu. Shi ne ya riƙe ka bayan rasuwar mahaifinku. Makanike ne, da hannunsa mai baƙin mai ya kai ka makaranta, kuma ko bayan ka zama farfesa ba ka zama a kujera in yana ɗakin sai ya ce ka zauna. Na raka ka asibiti duba shi wata ranar Asabar. Ya rame ƙwarai, amma muryarsa na nan. Ya kama hannunka ya ce, "Ƙanena, an ce kana da magani a firiji. Ni ba na tsoro. Kawo ka gwada a kaina."

Ka durƙusa a gefen gadon. Ka ce, "Yaya, da magani ne, da tun ranar farko na sako shi a aljihu na kawo maka. Har yanzu guba ce. Na ga abin da ya yi wa ɓerayen da idona. Ba zai warkar da kai ba, azaba kawai zai ƙara maka."

Matarsa na tsaye a bakin taga. Ta juyo ta ce, "Wato ɓera ya ci arzikinka, yayanka bai ci ba." Na ga kafaɗunka sun sauka, ka kifa goshinka a kan hannun Yaya, ka daɗe a haka.

Dangi sun yi ta magana. Wasu suka ce kana ɓoye shi ne don masu hannu da shuni, wasu suka ce boko ya busar maka da zuciya. Akwai waɗanda suka daina amsa gaisuwarka. Ba ka kare kanka a gaban kowa ba. Hutu ka ɗauka, wanda ban taɓa ganin ka ɗauka ba, ka tare a asibitin. Kai ke yi masa aski, kai ke juya shi, kai ke goge masa jiki, kai ke bin ma'aikatan jinya don kada maganin rage zafi ya makara. Maiɗakinka ta gaya mini cewa dab da rasuwarsa ya kira matarsa ya ce, "Ki rabu da yaron nan. Tun yana ƙarami bai iya ƙarya ba." Yaron nan a lokacin ya haura hamsin.

Ka dawo aiki wani mutum daban. An daɗe ba a ji ka raɗa wa sinadari suna ba. Sai ka shigo, ka zauna, ka kalli firijin, ka tashi. Na ɗauka ka gama da aikin ke nan. Wata rana da safe sai ga ka a ɗakina, ka ce in sake fito maka da hantar ɓerayen nan, kana so ka san wane ɓangare na Shiru-shiru ne ke cin ta. Daga ranar har ƙarshen rayuwarka tambayar da ka bi ke nan. Ka yi ritaya, amma ba ka daina zuwa ba. Tsohuwar ɗalibarka ta ajiye maka kujera kusa da teburinta, hannunka ya fara rawa ba ka iya auna komai, sai baki. A kan teburinta aka ɗinka sabon jika a bara, aka kuma fara ba ɓeraye shi kafin ka kwanta jinya.

A zaman makokinka matar Yaya ta zo, ta tsufa sosai, jikarta na riƙe da ita. Ta gane ni, ta jawo ni kusa. Ta ce, "Na yi shekaru ina jin haushinsa. Daga baya na zauna na yi tunani. Da ya ba shi abin nan ya mutu, ni ce zan fara cewa shi ya kashe shi. Ban taɓa samun bakin faɗa masa ba." Na ce mata ina kyautata zaton ka sani, don ban taɓa jin ka ambace ta da wani abu ba sai alheri.

Ganina da kai na ƙarshe a asibiti ne, mako guda kafin ka tafi. Ban gama sallama ba ka ce, "Yaya ɓerayen?" Maiɗakinka ta ce, "Haba Malam, ka bari baiwar Allah ta zauna mana." Ka yi murmushi, ka ce mini, "Ƙanwata, in ya ɓata hantar, kada ki yi mini kara don ina kwance. Ki faɗa." Na yi maka alkawari. Muka yi hira a kan jikokinka na gida, ka ce autarsu ta fara tambayar me ya sa ruwan teku ke da gishiri, kana jin a nan za a sami magaji.

Wa'adin gwajin ya cika bayan an binne ka. Na buɗe ɓerayen da kaina. Ƙarin ya motse, hantar kuma ja ce jawur, lafiya ƙalau. Ba magani ba ne tukuna, akwai doguwar hanya, kuma mai yiwuwa wata matsalar na jira a gaba. Amma tambayar da ka bi tun rasuwar Yaya ta sami amsa. Na miƙe riƙe da gilashin da na ɗora yankin hantar a kai, sai da na kai bakin ƙofa na tuna babu wanda zan kai wa. Na kira ɗalibarka, ta zo ta duba, muka zauna a kan benci ɗaya muka yi kuka.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Mun shaida ya riƙe gaskiya a ranar da riƙe ta ya fi komai ciwo, ya girmama na sama da shi, ya tausaya wa na ƙasa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa tare da iyayensa da yayansa. In akwai wani alheri da zai fito daga aikin hannunsa, ko bayan ba mu, Ka kai masa ladan har inda yake kwance.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, wadda ta yi haƙuri da mu shekara da shekaru muna cinye mata rabin lokacinka. Uwargida, ki yafe mana, Allah Ya ba ki dangana. Ina yi wa 'ya'yanka da jikokinka ta'aziyya, da matar Yaya da 'ya'yanta, da sauran dangi, da ɗalibanka da ke warwatse a ɗakunan gwaji na kusa da na nesa. Ni ma ina karɓar tawa, don yaya na rasa. Allah Ya jiƙan ka, Malam. Mu kuma da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani.